Injin da Ya Juya Jirgin Yaya

A shekarar da jirgin Yaya ya kife, babu abin da bakina ya iya kamar zancen injin mota. Mutane suna zuwa yi mini jaje, ni kuma ina tambayarsu ko sun san wanda ya taɓa ɗora injin gas a kan akori-kura irin tawa. Wasu sun ɗauka kaina ne ya taɓu. Lafiyata ƙalau, abin da kaina ya iya riƙewa ke nan a lokacin.

Garinmu yana bakin tafkin Kainji, tsakanin Yelwa da Warra, kodayake mu ba ma cewa tafki, gulbi muke cewa kamar yadda iyayenmu suka saba tun kafin a tare ruwan. Gidanmu gidan masunta ne. Yaya, ɗan farin Inna, shi ya tsaya a ruwa. Ya yi sana'ar su har ya gaji, daga baya ya sa aka ƙera masa babban jirgin katako, yana ɗaukar kaya daga wannan kasuwa zuwa waccan. Ni ruwa bai karɓe ni ba. Na koyi tuƙi, na samu tsohuwar akori-kura mai shan fetur, ina kai kwandunan banda Yelwa. In kuma motar wani ta mace a hanyar Koko ko ta Kontagora, a kira ni in ɗaura igiya in jawo ta. Rabin sana'ata ja ne.

Abin ya faru a farkon damina, da la'asar. Yaya ya taso daga Warra da buhunan shinkafa, an rufe su da tamfol an ɗaure tamau. Har ana hango rufin garinmu hadari ya taso musu. Itatuwan da ruwa ya cinye lokacin da aka yi dam suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau, kowane mai jirgi ya san inda suke, amma iska ba ta tambayar abin da ka sani. Ta ɗora jirgin a kan kututture, ya kife. Mutum biyu da ke tare da shi sun fito da iyo. Dukansu abu ɗaya suka faɗa: ganinsu na ƙarshe da shi yana baya, riƙe da hannun inji, jirgin yana juyowa kansa.

Masu nutso sun yi ta shiga har idanunsu suka yi ja. Suka ce jirgin yana kife a ƙasa, bakinsa ya nutse cikin laka ta kowane gefe, babu inda hannu zai shiga. Kwale-kwale suka bi gaɓa har ƙasa da Warra suna dubawa. A al'ada gulbi yana mayar da abin da ya ɗauka bayan 'yan kwanaki, wannan karon bai mayar ba. Sai kowa ya yanke cewa Yaya yana ƙarƙashin jirginsa.

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, saboda kunyar ɗan fari. Ko ciwo yake ba ta tambaya sai ta bayan fage. Shi ya sa na yi mamaki ranar da liman ya zo da dattawa don a zauna karɓar gaisuwa, ta fito har bakin zaure ta yi magana a gaban maza.

Ta ce, "Malam, ba gardama nika yi da Allah ba. Na san ya mutu. Amma ba ni amsar gaisuwa shina kwance cikin laka awa kihi. A hiddo shi, a yi mai sutura, a kai shi inda anka kai ubanai. Sannan kowa ya zo."

Liman ya yi nasiha iya nasiha. Ta saurare shi har ya gama, ta koma ciki. Wadda abin ya fi faɗa wa ita ce matar Yaya, tana gidan da 'ya'yanta uku. Liman ya ce ta fara takaba, Inna ta ce a gidanta ba a takabar wanda ba a binne ba. Ita kuma ba mai ɗaga ido ta dubi surukarta ba ce. Ta zauna haka nan, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Mahaifinta yana ta aike daga Shanga yana tambayar inda aka tsaya, ana ce masa ana jiran ruwa ya janye.

Baƙo ba ya gane wannan. A wurinmu gulbi yana ja da baya ne tun daga bazara, ya yi ta raguwa har tsakiyar damina, a daidai lokacin da sama ke zuba. Sai ruwan da ya sauka can arewa ya taru ya gangaro, sannan ya fara cika, kuma in ya fara ba ya jira. Tsakanin ƙarshen janyewarsa da farkon dawowarsa 'yan makonni ne kawai. In suka wuce, sai baɗi.

Muka jira. Wata safiya ƙasan jirgin ya bayyana, baƙi, kamar bayan dorina. Gari ya fita da igiyoyi, maza suna cikin laka har ƙugu suna ja suna salati. Ko motsi bai yi ba. Aka kawo shanun huɗa, ƙafafunsu suka nutse, da ƙyar aka fid da su. Mai tarakta ɗaya da muka samu ya zo ya dubi hanyar da ta ratsa gonakin shinkafa, ya dubi lakar, ya ce shi ba zai sa dukiyar mutane a nan ba. Ban ga laifinsa ba, amma ban gaishe shi ba da zai tafi.

Akwai wuri ɗaya mai tauri kusa da jirgin, kufan tsohon garinmu, wanda yake fitowa in ruwa ya janye sosai. Daɓen ɗakunan yana nan, da duwatsun murhu. Ƙaramar mota tana iya lallaɓawa ta kai can. Na shimfiɗa katakai, na shiga da akori-kurata, aka ɗaura igiya.

Injin fetur ƙarfinsa yana sama, sai ka taka shi ya yi ihu kafin ya ba ka abin da yake da shi. A kan kwalta wannan ba matsala ba ce, domin motar da kake ja tana da ƙafa, da ta gusa an gama. Jirgin da laka ta riƙe ba ya gusawa. Na taka mai, ina sakin kuloci kaɗan-kaɗan, in na saki da yawa inji ya nemi mutuwa, in na danne ya yi ta ihu a banza. Warin kuloci ya cika gaban motar. Allurar zafi ta haye, na gan ta, ban ɗaga ƙafa ba. Sai na ji ƙwanƙwasa daga ciki, kamar ana buga guduma a cikin tukunya, sannan shiru. Inji ya buga. Shanun da suka kasa jan jirgin su suka jawo ni har kan hanya, ni da nake jan mutane.

Bakanikena ɗan kawuna ne, taubashina, garejinsa yana Yelwa a ƙarƙashin wata babbar dalbejiya. Ya buɗe gaban motar ya leƙa, ya sa yatsa a baƙin mai ya murza, ya ga garin ƙarfe yana walƙiya.

Ya ce, "Kai da kat tsere ma ruwa tun kana yaro, yau ka kai mota ta sha? Mi wagga tsohuwa ta yi maka?"

Wasa ne irin wanda muka saba tun muna yara. Ban yi dariya ba, ban kuma ji haushi ba. Na ce masa ina son injin da zai juya jirgin nan kafin ruwa ya dawo. Ya dube ni, ya goge hannu a wando, daga nan bai sake tsokanata ba sai can daga baya.

Gyaran tsohon injin muka fara ajiyewa gefe. Ko an niƙa ƙarfen cikinsa an sa sabbin ringi, iyakarsa ya dawo yadda yake, yadda yake kuwa na ga ƙarshensa. Saura a ɗora wani. A nan ne kowa ya zama malami. Akwai benci a garejin inda direbobi ke zama jiran a gama musu aiki, kowanne da injin da yake rantsuwa da shi. Wani mai bin hanyar Sakkwato ya kafe a kan mai fulogi shida, na fetur, irin wanda ake cirowa daga manyan motocin masu kuɗi. Ya ce ya taɓa jan bas cike da mutane da shi, bai ma san yana ja ba. Na tambaye shi a kan me ya ja. Ya ce kwalta mana. Na ce to a kwaltar zan neme shi.

Amma na daɗe ina juya maganar mai fulogi shidan, domin ƙarfi yana da shi, kuma ana samunsa nan kusa. Taubashina ya ce ƙarfin nasa irin na tsohon ne, an dai ninka shi. Sai ka taka zai zo, in ya zo kuma ya zo gaba ɗaya, tayoyi su yi ta juyawa suna haƙa wa kansu rami. Ga wayoyi kamar gidan gizo, ga wani ɗan akwati da suke kira ƙwaƙwalwa wanda in ruwa ya taɓa shi motar ta zama gini. Ga shan mai. Shi abin da ya zaɓa mini injin gas ne, irin man da tireloli ke sha, tsohon yayi, wanda babu fulogi babu ƙwaƙwalwa.

Ya ce, "Bai da gudu. Jaki na iya wuce ka bisa hawa. Amma ƙarhinai ƙasa shike, tun shina silo, ba ka taka mai ba. Kana sakin kuloci ka ɗauke ƙahwa, shi ka tahiya da kai."

Wani a bencin ya ce in gas ne a nemi mai turbo, ya fi kuzari. Wani ya ce mai turbo yana jinkiri sannan ya fizga, fizga kuwa ita ke tsinka igiya. Aka koma kan ƙarfen da ya fi jure zafi, aka koma kan wanda kayan gyaransa suka fi samuwa a Kontagora. Ni da ba na jure surutun bencin nan ko na minti kaɗan, na zauna ina sauraron kowa, har ina tambaya. Mai shayi ya san ni, mai tuwo ta san ni.

Wata rana ina cin tuwo a bencin sai na lura tun safe ban tuna Yaya ba. Na gwada kawo fuskarsa a raina, abin da ya zo mini shi ne ramukan ƙusoshin giya, ko za su dace ko ba za su dace ba. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji kunya ba. Ji na yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka san taka ce amma ba ka jin ta. Na ƙarasa tuwona.

Muka je Kontagora muka samo injin gas ɗan Kwatano, mai gida huɗu, wato silinda huɗu, marar turbo. Aka tayar mana da shi a ƙasa a kan tayoyi, yana tsalle yana hayaƙi. Taubashina ya ɗora tafin hannu a bakin da ake zuba baƙin mai ya ji ko yana huci, ya ce a ɗauka.

Na ɗauka kwana biyu za a yi. Ashe cire inji a sa wani ba kamar canza takalmi ba ne. Da aka rataye shi da sarƙa a reshen dalbejiyar aka sauke shi cikin motar, kujerunsa, ƙarafan da yake zama a kansu, ba su hau inda na tsohon suke ba, sai da mai walda ya yanka ya sake dasa wasu. Bakin giyata bai haɗu da bayansa ba, ramukan ƙusoshin da nake ta tunani ba su dace ba. Aka koma Kontagora neman giyarsa, mai ƙaramar sandar da ke sa ƙafa huɗu su ja. Da giyar ta zo sai ta fi tawa tsawo, dole aka rage farfela, sandar da ke juya ƙafafun baya, aka sake haɗa ta. Nauyinsa ya sa gaban motar ya durƙusa har kaskon mai yana neman taɓa ƙarfen ƙafa, aka ƙara mata sifirin. Lagireto ya yi masa kaɗan. Batir ya kasa juya shi. Aka sauke tanki aka wanke fetur. Kowace safiya akwai sabon abin da bai dace ba, kowace la'asar kuma hadari ya kore mu ƙarƙashin rumfa, mai walda ya naɗe wayarsa.

Ina komawa gida a bayan babur duk bayan 'yan kwanaki. Inna ba ta tambayata ko na ci abinci. Tana zaune a inda take zama, ta ce, "An ɗora?" In ce saura kaɗan. Ta ce, "To."

Matar Yaya ce ke kawo mini tuwo. A da ni abokin wasanta ne, kamar kowane ƙanin miji, Direba take ce mini, tana cewa motata ta fi ni tsufa. Yanzu ajiyewa take ta juya. Ranar nan ta ajiye ba ta juya ba.

Ta ce, "Direba, ruwa ya hwara hwari. Baba ya aiko, ya ce wajensu ya taɓa gindin gero."

Kowa a bakin gulbi ya san wannan. In ruwa ya canza launi ya yi fari-fari kamar an dama ƙasa, na arewa ne ya iso, kuma mutanen Shanga ke fara ganinsa. Na ce mata na ji. Ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ƙaramin ɗanta ya yi kuka ta tafi. Ba ta taɓa ce mini in yi sauri ba, ko sau ɗaya.

Ranar da injin ya tashi a cikin motar, baƙin hayaƙi ya kori kowa daga bencin. Motar tana karkarwa har ba ka ganin komai a madubi. Muka gwada ta da wata tsohuwar bas da ke gefen gareji babu inji, muka cika ta da duk wanda ke wurin, na ja ta zuwa hawan da ke bayan kasuwa. Na saki kuloci ban taka mai ba. Ta tafi, a hankali, tana bugawa ɗaya-ɗaya kamar mace tana daka ita kaɗai. Direban Sakkwato yana cikin bas ɗin, ya leƙo ta taga yana cewa ko a ƙafa ya fi mu sauri.

Taubashina ya so a bar ta ta yi 'yan kwanaki tana aiki mara nauyi, a ga inda zai yi yoyo, a sake ɗaure ƙusoshi. Na ce gobe. Ya ce waldar kujerun ba a gwada ta ba. Na ce gobe. Ya zage ni zagin taubasai, ya haɗa har da kakanmu da muka haɗa, sannan ya zuba sifanu a buhu ya shiga gaba.

Da safe muka sauka kufai. Hanyar da na bi a bushe wancan karon yanzu ruwa yana rufe idon sawu. Gari duk ya fito, maza a bakin ruwa, mata can nesa a kan tudu. Liman ya sa an kawo makara da likkafani, an kuma haƙa kabari tun da asuba kusa da na Babanmu, domin abin da ya yi watanni a ruwa ba a ajiye shi. Inna ba ta zo ba, matar Yaya ma tana gida tare da ita.

Wannan karon ba mu nemi jawo jirgin ba, juya shi muka shirya yi. Masu nutso suka tona laka a gefen da ke nesa da mu har suka samu bakin katako, suka maƙala ƙugiyoyi, aka ɗora igiyar ƙarfe ta saman kifaffen jirgin zuwa motar. Muka loda buhunan yashi a baya, maza suka hau kai don tayoyi su kama ƙasa. Taubashina ya kori kowa daga kusa da igiyar, ya tsaya a gefen tagata, hannunsa a kan gaban motar.

Na sa ƙaramar giya, na saki kuloci gaba ɗaya, na ɗauke ƙafa. Igiyar ta taso daga cikin ruwa tana ɗiga, ta miƙe. Motar ta tsuguna. Bugun injin ya ragu, ya yi nauyi, har ina jin kowane bugu a haƙorana, amma bai mutu ba. Na ɗora yatsan ƙafa a kan mai, kaɗan. Tayoyi suka ɗan murza katako suka kama. An daɗe a haka, babu abin da ke motsi sai hayaƙi. Can sai na ji wata ƙara daga baya, irin wadda ƙafa ke yi in an zare ta daga taɓo, amma babba. Mutane suka ɗauki kabbara. Motar ta fara tafiya taku-taku. A madubin da ke rawa na ga wani baƙin abu ya miƙe tsaye a kan gefensa, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya faɗo ta wajenmu ruwa ya fantsama.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne taubashina ya yi gaskiya a kan gas. Na dubi allurar zafi, tana tsakiya. Na bar injin ya ɗan yi silo kafin in kashe shi, kamar yadda aka ce mini. Sannan na fito.

Wari ya riga ni isa. Shinkafar ta ruɓe ta zama baƙin kunu a ƙarƙashin tamfol. A ramin da jirgin ya bari tarwaɗa ce cike, manya, suna ta birgima a kan juna. Babu wanda ya taɓa su. Dattawa suka shiga da farin zane a hannu, aka yanke igiyoyin tamfol, aka ɗaga buhu bayan buhu. Aka duba wajen inji, inda aka ce an gan shi. Aka kawo kwanduna ana ɗibar laka ana tacewa a ruwa, ana bi da yatsu. Ni ma na shiga, na tace har hannuna ya yi fari. Mun samu butarsa da tukunyar da suke dafa abinci. Har rana ta take babu ƙashi ko ɗaya, babu tsumman riga.

Sarkin ruwa ya ce mai yiwuwa tun ranar ruwa ya zare shi ta ƙasa ya kai shi cikin itatuwa, inda babu mai kaiwa. Kowa ya gyaɗa kai, ni ma haka na gani. Liman ya naɗe likkafani ya sa a hammata, ya aika a mayar da ƙasar kabarin. Da aka tabbata ba ya ciki, sai wani ya sunkuya ya kama tarwaɗa ɗaya, daga nan kowa ya shiga kamu. Na tsaya ina kallonsu, ban hana ba.

Ni aka bar wa faɗa wa Inna. Na shiga gida da laka har gwiwa, liman yana bayana. Tana zaune a inda take zama, matar Yaya tana bakin madafa da ƙaramin a cinya. Na durƙusa na ce an juya jirgin, ba ya ciki.

Ta ce, "Kun ɗaga tamhol?"

Na ce mun ɗaga.

"Kun tona lakar?"

"Mun tace ta da kwando, Inna."

"Ko hula?"

"Babu."

Ta dubi ƙasa. Na jira kukan da ta riƙe tun farkon damina, har na shirya abin da zan ce. Da ta ɗago sai na ga fuskarta ta saki, irin yadda ban gan ta ba tun kafin hadarin.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ba shi ciki."

Liman ya gyara murya ya fara bayanin abin da sarkin ruwa ya faɗa. Ta ɗaga masa hannu, cikin ladabi.

"Malam, ku kunka ce shina ciki. Kowa ya ce shina ciki, har ni na yarda. Ga shi an buɗe. Wa ad da iyo awa shi? Wa ya sani ko wasu sunka tsince shi can ƙasa, bai san inda kainai yake ba?"

Ta juya wajen matar Yaya ta ce, "Ke, tashi ki je a yi miki kitso. Kin zauna kai awa na mahaukaciya, in ya zo ya ishe ki hakanga?"

Matar Yaya ba ta dubi Inna ba, ni ta duba. Na san abin da take jira. Ni ne namijin da ya rage a gidan, ni na tace lakar da hannuna, ni ya kamata in ce Inna, ya mutu. Tausayinta na ji, shi ne abu na farko da na ji sosai a duk daminar nan, kuma bai isa ya sa in yi magana ba. Na sunkuyar da kai ina kallon lakar da ke bushewa a ƙafata.

Inna ta ce, "Wanga sabon inji, an ce bai shan mai?"

Na ce ba ya sha sosai.

"Shina kai Warra? Da garuruwan da ag gaba da ita, na bakin ruwa?"

"Yana kaiwa, Inna."

"To gobe ka kai ni. Mu bi su ɗaya-ɗaya muna tambaya."

Na ce to.

Da safe na duba baƙin mai da ruwan lagireto, na share mata kujerar gaba. Inna ta fito da mayafinta na unguwa da ƙullin goro. Da na tayar da mota, matar Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da sabon kitso a kanta. Ba ta ce mana a dawo lafiya ba.